Watan Da Mijina Ya Fara Kiran Sunana

Gaisuwa gare ku masu wannan fili. Ku yi mini afuwa, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, ko da yake duk wanda ya taɓa cin soyayyen kifi a bakin tashar Madarumfa zai gane ni kafin ya kai tsakiyar labarin. A lokacin da abin ya faru ni mace ce 'yar arba'in da ɗoriya, mai suyar kifi, mai baki kuma, don ko a tasha an san ba a kayar da ni a ciniki. Da sassafe nake zuwa bakin tabki in sayi kifi a hannun masunta, in wanke, in soya, in kai tasha. Mijina direba ne, yana ɗaukar wake da albasa da fasinja zuwa Jibiya, ya dawo da kayan masarufi. Mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma magana a wurinsa sai ka ce da awo ake sayar masa. In na ce sannu da zuwa ya ce uhm, in na ce an yi haihuwa a maƙwabta ya ce uhm, in na ce an yi rasuwa ya ƙara wa uhm ɗin tsawo kaɗan. Sunana kuwa tun da aka ɗaura mana aure ban ji shi a bakinsa ba. Ni "ke" ce, in da baƙi in zama "mai ɗakin nan". Ɗiyarmu ta fari da ke aure a Maraɗi ita kuma "ta Maraɗi" ce, don kunyar ɗan fari a gidansu ba abin wasa ba ce. Na saba da haka, na daina ma sa rai, amma wallahi a ƙasan zuciyata abin yana mini ciwo, ban dai taɓa gaya wa kowa ba.

Wajen ƙarshen damina ya yi 'yar masassara da ciwon kai. Muka ce palu ce, wato zazzaɓin cizon sauro, ya sha magani, jiki ya yi sanyi, ya koma kan motarsa. Bayan 'yan kwanaki, wata safiya ina dama kunu, sai na ji an kira sunana na yanka daga bayana, a hankali, da wata irin murya mai taushi. Na waiga ina neman wace baƙuwa ce ta shigo ba sallama, sai na ga maigida ne tsaye yana murmushi har ina ganin haƙoransa na ciki, waɗanda ban san yana da su ba. Ludayin ya suɓuce mini ya faɗa cikin tukunya. Ya zauna kusa da murhu, ya karɓi kunun, ya kurɓa, ya ce duk faɗin ƙasar nan har Najeriya ba mai dama kunu irina. Ya ce wai tun ranar da ya gan ni a bikin 'yar gwaggonsa da zane mai ruwan ganye, bai sake ganin wata mace da ta cika masa ido ba. Da farko na zaci ko motar ya kayar yana neman hanyar faɗa mini, ko kuma jarin kifina yake hari. Na leƙa waje na ga mota lafiya lau, na jira ya yi zancen rance har rana ta faɗi bai yi ba.

To, ku da kuke karantawa za ku ce ai kowa ya san wannan ba lafiya ba. Ku faɗi abin da kuke so, ku ba ku zauna da uhm shekara da shekaru ba. Ni dai na ji daɗi, daɗin da ban taɓa ji ba tun ina budurwa. Na fito da turamen da na ajiye a ƙasan akwati, na sa lalle, na sayi sabon kwalli. Matan tasha suka yi ta mini tsiya wai wane malami ne ya yi mini aikin nan, in kai su, ni kuma ina ta yauƙi ina ce musu haƙuri ne ya yi rana. Barci ya ƙaurace masa, amma ban damu ba, domin in na tashi sai in tarar an share tsakar gida, an gyara turken awaki, har tukwanena an wanke an kife. Na lura yana maimaita tambaya, ya tambaye ni yau wace rana ce in faɗa masa, kafin in juya ya sake tambaya. Na lura yana sallar azahar ya sallame, ya ɗan zauna, ya tashi ya sake kabbara. Duk na gani da idona. Na ce wa kaina ai ibada ba ta yawa, mantuwa kuma kowa yana yi.

Surukata ce ta fara faɗin gaskiya. Inna tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Safo, gidansu har yau suna kan gargajiyar kakanninsu, shi maigida a hannun ubangidansa na mota ya musulunta tun yana saurayi. Ta zo a amalanken jaki ta kawo mana sabon wake. Ɗanta, wanda bai taɓa haɗa ido da ita ba don kunya, ya fito da gudu ya ɗauke ta cak daga kan amalanken ya dire ta a zaure, yana mata kirari. Tsohuwa ta zauna ta yi ta kallonsa. Da ya fita sai ta kira ni ta ce, "Wanga ba ɗana ba ne." Ta ce iskan gidansu ne da aka daɗe ba a kula da shi ba ya biyo shi har gari, kuma za ta koma ta nemi jar akuya da mai garaya a zo a sallame shi. Allah Ya yafe mini, ban ƙi maganarta don addini ba, ban kuma ƙi don na yi tunanin likita ba. Tsoro na ji kada aikin nata ya ci a raba ni da sabon mijina. A raina cewa nake, in ma iska ne, to wannan iskan ya fi mai gidan tarbiyya, a bar shi ya ɗan huta tukuna. Na lallaɓa ta na ce ta bari sai an gama yankan gero hankali ya kwanta, na cika mata leda da kifi na sa ta a amalanke.

Ba a daɗe ba abokan aikinsa suka kawo mini shi da rana tsaka, wani na tuƙa motar, shi yana baya yana waƙa. Suka ce da suka isa kan iyaka ya sauka ya rungume wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, yana kiransa ɗan'uwa, ya hau kan kaya ya fara raba albasar mutane ga duk wanda ya wuce, wai sadaka ce. Sun sha wahala kafin su tattaro abin da ya saura. Babbansu na tasha, dattijo mai mutunci, ya ja ni gefe ya ce sun karɓe makullin, kuma in kai shi likita tun da wuri, don shekarun da suka yi tare bai taɓa jin ya yi waƙa ba ko a rediyo ya bi. Na gode masa, na ce gajiya ce da zafin rana, zai huta ya warware. Na shiga gida na tarar da shi yana tsince mini shinkafa, ya ɗago ya kira sunana ya ce in zo in zauna kada in wahala. Nan take maganar dattijon ta bi iska.

Abin da ya tona mini asiri waya ce. Ya kira ɗiyarmu ta Maraɗi, da ta ɗauka ya ambaci sunanta, ya sake, ya sake, yana dariya. Yarinyar da tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba, ta ce jikinta ya mutu, ta ɗauka wasiyya zai bar mata. Washegari sai ga ta da goyo a baya, ido jawur. Ta zauna ta kalle shi kamar yadda Inna ta yi, ta nuna mini yadda yatsunsa ke motsi su kaɗai, da yadda bakinsa ke tauna ba komai a ciki. Muka yi cacar baki sosai. Na ce mata ita yarinya ce, mijinta na zamani ne mai kiranta da sunaye iri-iri a waya, ba ta san abin da na haɗiye ba, yanzu da Allah Ya dube ni shi ne za a kai mini miji asibiti a ce mahaukaci ne. Ta fashe da kuka ta ce, "Umma, Baba ba ya da lafiya, ke ma kin sani." Na sani ɗin. Amma sai na ce to a bari ranar kasuwa ta wuce.

Ranar kasuwar ya ce shi zai raka ni tabki. Namiji da gemunsa ya ɗauki kwanon kifina a ka, yana gaba ina baya, masunta suna ta shewa suna cewa yau sun ga abin da ba su taɓa gani ba, ni kuma ina tafe ina taƙama kamar matar gwamna. Muna isa bakin ruwa sai na ga kwanon ya karkace. Ya tsaya cak, idonsa ya juye, ya yanke jiki ya faɗi, rabin jikinsa a cikin ruwa, yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Da masuntan ba su kusa, da a gabana zai nutse a ruwan da bai kai gwiwa ba. Suka jawo shi, suka kwantar da shi a gefe, ni kuwa mai bakin tasha na kasa ko salati. Da jijjigar ta lafa ya buɗe ido, amma bai san ni ba. Daga ranar maganar ta ɗauke gaba ɗaya, ba suna, ba yabo, ba ko uhm ɗin da na raina.

A likitar garinmu majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya gwada palu bai samu ba, ya tura mu Maraɗi. A can suka ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa suka ce ba sanƙarau ba ne, suka ba shi maganin jijjiga, suka ce mu wuce Yamai wurin masu duba ƙwaƙwalwa. 'Yan tasha da danginsa suka yi karo-karo, Inna ta sayar da akuyar da ta tanada wa iskan ta kawo kuɗin a ƙullin zane, ta ce in na likita ne zai tashe shi to a yi na likita. A Yamai aka sa shi a na'ura, aka manna masa wayoyi a kai, aka sake ɗibar ruwan baya aka aika wani wuri. Yana kwance kamar itace, ido buɗe, baki na ta tauna, abinci sai ta roba a hanci. Likitan da ke kula da shi saurayi ne ɗan Damagaram, mai sanyin magana. Ya zaunar da mu ni da ɗiyata ya ce ƙwaƙwalwar ce ta kumbura, amma ba wata ƙwayar cuta ce ta shigo daga waje ba. Ya ce kowane jiki yana da masu gadinsa da ke korar cuta, to nasa masu gadin ne suka rikice suka juya suna dukan mai gidan. Saboda haka maganin ba na kashe ƙwaro ba ne, na lallashin masu gadin ne har su sauke sanda. Ya ce canjin hali, da rashin barci, da mantuwa, duk somin ciwon ne.

Sai ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce ranar kasuwa. Ɗiyata ta juyo ta zuba mini ido. Likita ya ce in yi ƙoƙari in tuna, domin wannan ciwo gwargwadon saurin kama shi gwargwadon saurin tashi. Nan na zauna a gaban yaron da na haifi kamarsa, na kwashe komai na faɗa, tun daga kunu har lalle, har yadda na sallami Inna da ledar kifi. Ya yi ta ƙoƙarin riƙe fuska, na ga gefen bakinsa na rawa, amma da na kai ƙarshe ba wanda ke jin dariya a ɗakin. Na tambaye shi ko ni na kashe shi. Ya ce bai mutu ba tukuna, kuma ba ni na sa masa ciwon ba, amma bai ɓoye mini ba cewa da an zo tun farko da aikin ya fi sauƙi. Na fita bayan ɗakin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu.

Ba su jira sakamakon da aka aika ba, suka fara ba shi wani magani mai ƙarfi ta ƙarin ruwa kwana da kwanaki. Da suka ga motsin kaɗan ne, suka ƙara da wani mai tsada wanda likita ya ce daga jinin da mutane masu lafiya suka bayar ake tace shi. Suka kuma bincike cikinsa da ƙirjinsa ko akwai wani ƙari da ya tayar da rikicin, Allah Ya sa ba a samu ba. Sauƙin bai zo da gudu ba. Sai da muka yi makonni kafin taunar ta tsaya, sannan ido ya fara bin mutum, sannan aka cire robar hanci. Da ya fara ci kuwa sai muka shiga wani sabon aiki, don maganin nan yana buɗe ciki. Mutumin da a gida tuwo malmala ɗaya ke isarsa, ya koma yana cinye nasa ya cinye nawa, yana bin kwanon maƙwabcin gadonsa da ido har bawan Allah ya ji kunya ya miƙo masa. Fuskarsa ta yi tulu-tulu, likita ya ce aikin maganin ne, za ta saɓe, amma a rage masa sukari da gishiri.

Kullum da safe likitan kan zo ya yi masa tambayoyi don ya auna inda hankalin ya kai. Da farko shiru, daga baya kalma ɗai-ɗai. Wata safiya ya tambaye shi ina muke, ya ce Yamai. Ya nuna masa agogo, ya ce agogo. Ya tambaye shi garuruwan da ake wucewa daga Madarumfa zuwa Jibiya, ya jero su tsaf. Sai ya nuna ni ya ce wannan fa, ya ce mai ɗakinsa ce. Likita ya ce mene ne sunanta. Maigida ya kawar da kai. Likita ya sake tambaya a hankali, na ga fuskar likitan ta canza, ya fara rubutu yana girgiza kai, yana ce wa ɗiyata da alama har yanzu akwai giɓi babba, tunda ya manta sunan matarsa. Ni kuwa ina kallon mijina, na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin bargo, kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi. Can ya ɗago ya dubi bango ya ce, "Likita, ga ta nan zaune, ka tambaye ta mana."

Ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ba. Ma'aikatan jinya suka shigo a guje, wani tsoho da ke barci ya zabura yana salati. Ɗiyata tana kuka tana dariya ta yi wa likita bayani. Ya dafe goshi ya ce lallai aiki ya sha masa kai, shi ma ɗan fari ne, har ubansa ya bar duniya bai kira sunansa ba. Sai ya nuna ɗiyar ya ce wannan kuma wace ce. Maigida ya ƙara kawar da kai ya ce ta Maraɗi ce. Likita ya rufe takardarsa ya ce wannan gwajin ba ya cikin abin da aka koya musu, amma ya karɓa, sai dai kada in ɗauka an gama, magani yanzu aka fara.

Gaskiya ya faɗa. Mun dawo gida da buhun ƙwayoyi da sharaɗin kada a tsayar da su kwatsam sai yadda likita ya rage, muna kuma komawa a duba shi. Har yau ba a ba shi izinin tuƙi ba, ƙanensa ke jan motar, shi yana zama a tasha yana kula da lodi. Mantuwa ba ta sake shi duka ba, wani lokaci zai tsaya tsakar gida ya rasa abin da ya fito yi, kuma duk sanda na ga haka sai zuciyata ta tsinke, in tambayi kaina ko wannan na cikin makonnin da na ci ina sa lalle. Ba ya tuna komai na wancan lokacin. Da 'yan tasha suka ba shi labarin ma'aikacin duwan da kwanon kifi, ya shige ɗaki ya ƙi fita har sai da aka zo aka ba shi baki. Na taɓa tambayar likita a ɓoye ko maganganun da ya yi mini ciwo ne ya ƙirƙiro su ko da ma suna ciki, ya ce na'urarsu ba ta ganin wannan.

Rannan da la'asar ina gyaran kifi, yana zaune a kan tabarma ya ba ni baya, sai na ji ya yi gyaran murya.

"An ce na yi ta surutu."

Na ce ya yi.

Bai juyo ba ya ce, "To, ba duka ne ciwo ba." Ya ɗauki buta ya nufi masallaci da sauri, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

'Yan'uwana mata, har da maza, abin da ya sa na tona kaina ke nan. Mun saba mu ruga da mutum likita in ya fara zagi da duka, amma in canjin ya zo da abin da muke so sai mu ce addu'a ce ta karɓu. In wanda kika sani shekara da shekaru ya tashi rana ɗaya ya zama wani, ya daina barci, yana mantuwa, ko da sabon halin ya fi tsohon daɗi, kada ki tsaya jin daɗi kamar yadda na yi, kada kuma ki yanke cewa iska ne ko hauka ki zauna jira. Ki kai shi a duba, ki faɗa wa likita ranar da abin ya fara ba ragi, domin akwai irin wannan ciwon da ke da magani, kuma jinkiri yana cin wani abu da ba lallai ya dawo ba. Ni na yi wata guda ina jin sunana a bakin mijina, saura kaɗan in biya da ransa. Yanzu in ya shigo ya ce "ke", da gudu nake amsawa.